Da Lantarki da Kyamara: Yadda Masana Suka Je Tambayar Fuska Labarin Zuciya

A cikin wani littafi da aka buga a birnin Faris a shekarar 1862 akwai hoton wani tsoho ramamme, haƙoransa duk sun zube, yana sanye da farar riga mai buɗaɗɗen wuya. Mutum biyu sun sunkuyo a kansa riƙe da 'yan sandunan ƙarfe masu waya, wasu an dafa masa a goshi, wasu a gefen wuya. Idanunsa sun firfito, bakinsa a wangame, fatar wuyansa ta ɗame. Duk wanda ya kalli hoton zai rantse bawan Allahn nan ya yi ido huɗu da ajalinsa. Amma bisa shaidar likitan da ya shirya aikin, tsohon ba ya jin tsoron komai a wannan lokaci, ko zafin kirki ma bai ji ba. Wutar lantarki ce ta ja tsokokin fuskarsa, ta riƙe su a haka har mai ɗaukar hoto ya gama.

Sunan likitan Guillaume-Benjamin Duchenne, sunan littafin kuwa Mécanisme de la physionomie humaine. Yana cikin littattafan kimiyya na farko-farko da suka kafa hujjarsu a kan hoto maimakon zanen hannu. Mu nan mukan ce labarin zuciya a tambayi fuska, mu wuce. Shi Duchenne tsayawa ya yi ya ce sai ya san wace tsoka ce ke ba da wace amsa. Abin da ya gano game da tsoka gaskiya ne, likitoci na cin moriyarsa har gobe. Abin da ya ɗauka ya gano game da zuciya kuwa, shekara sama da 160 ke nan ana ja-in-ja a kansa.

Likitan da ba shi da kujera

An haifi Duchenne a 1806 a Boulogne, wani gari na bakin teku a arewacin Faransa, a gidan masu harkar jirgin ruwa. Ya yi karatun likita a Faris, ya gama a 1831, ya koma gida ya buɗe wurin duba marasa lafiya. Ba a jima ba matarsa ta rasu da zazzaɓin jego. Danginta suka ɗora masa laifi, suka raba shi da jaririn da ta bari, sai bayan shekaru masu yawa uba da ɗa suka sake haɗuwa. A cikin wannan zaman kaɗaici ne hankalinsa ya koma kan lantarki.

A lokacin, masu gwada lantarki a jikin mutum allura suke sokawa cikin nama sannan su saki wuta, abin da ke da azaba kuma yakan bar gyambo. Duchenne ya ƙera wata na'ura da yake iya ɗauka a hannu, mai aiki da irin wutar da Michael Faraday ya gano yadda ake samar da ita a 1831. Ya lura cewa idan aka jiƙa bakin sandunan aka ɗora a kan fata daidai saitin tsoka, wutar za ta ratsa ta motsa wannan tsoka ita kaɗai, ba huda ba jini. A 1842 ya dawo Faris. Babu asibitin da ya ba shi muƙami, bai kuma taɓa riƙe kujerar farfesa ba. Kullum safiya sai ya ɗauki akwatinsa ya bi ɗakunan majinyata na asibitocin talakawa, yana neman masu shanyewar gaɓa da masu ciwon jijiya. Manyan likitoci da yawa kallon mai shisshigi suke yi masa. Amma Jean-Martin Charcot, wanda daga baya ya zama jagoran ilimin cututtukan jijiya a Faransa, malaminsa yake kiransa. Cutar nan da ke cinye tsokar yara maza sannu a hankali har su kasa tafiya, sunan Duchenne take ɗauke da shi a yau, domin shi ya yi mata cikakken bayani a shekarun 1860.

Fuska ta ja hankalinsa saboda wani dalili na zahiri. Tsokokin hannu da na ƙafa ƙashi suke ja. Na fuska kuwa, da yawansu fata suke ja, ga su ƙanana, sun sarƙe da juna, ta yadda mai feɗe gawa ba zai iya cewa wannan ce ke yin kaza ba. Da lantarki, ana iya kiran kowace ita kaɗai a ga abin da take yi.

Matsalar ita ce abin da aka gani ba ya zama. Ana ɗage sandar, fuskar ta koma yadda take.

Kyamara mai nawa

Nan ne hoto ya shigo, kuma nan ne ya kamata mai karatu ya ɗan dakata, domin duk abin da ya biyo baya daga nan ya samo tushe.

An bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a 1839. A 1851 wani Bature ɗan Ingila, Frederick Scott Archer, ya fito da hanyar da ake kira kolodiyon. Mai hoto zai shafe farantin gilashi da wani ruwa mai danƙo, ya tsoma shi cikin ruwan sinadarin azurfa a ɗaki mai duhu, ya sa shi a kyamara tun yana jiƙe, ya ɗauki hoton, ya koma da sauri ya wanke kafin farantin ya bushe, duka cikin kamar minti goma zuwa sha biyar. A cikin ɗaki, sai an bar idon kyamara a buɗe na wasu daƙiƙoƙi kafin haske ya kama. Shi ya sa masu ɗakin hoto na wancan zamani suke da wani ƙarfe da ake tokare wa mutum ƙeya da shi don kada ya motsa. To amma firgita ba ta jiran kowa. Mamaki kan zo ya wuce kafin ƙiftawar ido, kukan jariri kuwa motsi ne daga farko har ƙarshe. Neman kama irin waɗannan da kyamarar 1855 tamkar kamun tarwaɗa ne da hannu.

Saboda haka duk masanin da ya so hoton fushi ko tsoro a wancan lokaci, zaɓi kaɗan gare shi. Ko ya sa wani ya kwaikwaya ya daskare a haka, ko ya gyara hoton da alƙalami, ko ya nemi waɗanda ciwo ya riƙe musu fuska wuri guda. Duchenne ya zo da hanya ta huɗu: ya ƙera yanayin da lantarki, ya riƙe shi muddin kyamara na buƙata. A tsakiyar shekarun 1850 ya yi wannan aiki tare da wani mai hoto, Adrien Tournachon, ƙanen shahararren mai hoton nan da aka fi sani da Nadar. Hotunan da suka shiga littafin sun haura 80, kowanne an wanke shi daban an manna shi a shafi da hannu.

Mutanen da ya yi amfani da su ba su kai goma ba. Akwai yarinya ƙarama, akwai wata dattijuwa, akwai wani mutum da shan ofiyam ya lalata, akwai wani saurayi, Jules Talrich, masanin ƙirar jiki wanda ya iya sarrafa fuskarsa da kansa ba sai da wuta ba. Amma wanda ya fi yawa a hotunan shi ne tsohon nan, mai sana'ar takalma, wanda wata larura ta kashe masa jin taɓi a fuska. Duchenne bai ɓoye dalilinsa na zaɓensa ba. Fatarsa siririya ce, ga tamoji, kowane motsi na fitowa sarai. Kuma tun da ba ya jin zafi, ana iya aiki a kansa cikin natsuwa, har ya kwatanta hakan da aiki a kan gawar da tsokarta ba ta gama mutuwa ba. Bai rubuta sunansa ba. Fuskar wannan mutum ta shiga littattafan likitanci da gidajen tarihi na duniya, amma babu wanda zai iya kiran sunansa ya yi masa addu'a. Wannan abu yana damuna, kuma ba na ganin cewa zamaninsu ne haka ya isa ya wanke shi.

Tsoka ɗaya, hali ɗaya

Duchenne ya raɗa wa tsokoki sunaye bisa abin da yake ganin suna faɗa. Ta goshi, mai ɗaga gira, ya kira ta tsokar mai da hankali. 'Yar ƙaramar da ke haɗe gira biyu, tsokar ciwo. Wadda ke tsakanin idanu a saman karan hanci, tsokar faɗa. Shimfiɗaɗɗiyar da ke ƙarƙashin fatar wuya, tsokar firgita. Wadda ta taso daga ƙashin kunci ta sauko kusurwar baki, tsokar murna. A hotuna da dama yakan sa wuta a ɓari ɗaya na fuskar kawai, ya umarci mai karatu ya rufe rabi da takarda, ya kalla, sannan ya rufe ɗaya rabin. Ta haka ya nuna wani abu mai ban sha'awa: idan gira kaɗai ta motsa, mai kallo sai ya ga kamar baki da kumatu ma sun canza, alhali ba su gusa ba. Idon mai kallo ne ke cike sauran. Wannan ya isa ya zame masa gargaɗi game da aikinsa baki ɗaya, amma bai ɗauke shi haka ba.

Shi mutum ne mai imani. A wurinsa Mahalicci ne ya rubuta wannan harshe a fuskar ɗan Adam, harshe ɗaya ga kowace al'umma, wanda ba ya sauyawa, aikin masani kuwa ya gano baƙaƙensa.

Inda ya fi dacewa shi ne kan murmushi. Da ya sa wa tsohon wuta a tsokar kunci ta ɓangarorin biyu, baki ya buɗe, kusurwoyinsa suka ɗaga, amma abin da ya fito yaƙe ne. Sai ya ajiye sandunan, ya ba shi dariya ta gaske, aka ɗauka. Da ya jera hotunan biyu sai bambancin ya fito: a na gaskiyar, tsokar da ta zagaye ido ta tsuke, kumatu sun hau, fatar ƙasan ido ta tattare. Ya yanke cewa tsokar baki tana bin umarnin mai ita, ta ido kuwa sai abin ya kai zuci take amsawa. Kowace uwa ta san wannan a fuskar ɗanta, amma shi ne ya fara nuna wurin da yatsa ya ce ga tsokar. Sama da shekara ɗari bayan haka masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Paul Ekman, ya sa wa irin wannan murmushi sunan Duchenne. Sai dai binciken baya-bayan nan ya rage wa maganar ƙarfi, domin an samu mutane da yawa da ke iya tsuke idon da gangan ba tare da wata murna ba.

Kashi na ƙarshe na littafin masu zane da masu sassaƙa ya yi wa, kuma a nan ne aikin ya fi nisa da kimiyya. Ya ɗauko wata budurwa majinyaciya da ganinta ya kusa tafiya, ya sa mata lulluɓi ta zama mai zaman zuhudu a coci, ya sake mata kaya ta zama uwa a bakin gadon jariri, ya ba ta wuƙa ta zama matar Macbeth ta wasan kwaikwayon Shakespeare, shi kuma yana gefe da sandarsa yana ja mata gira ko leɓe. Ya kuma duba shahararren mutum-mutumin Laocoön, wanda aka tono a Rum a 1506, ya ce layukan goshinsa ba za su yiwu a jikin mai rai ba, har ya sa aka yi kwafin kan aka gyara. Ta fuskar tsoka yana da gaskiya. Amma mutanen da suka tsaya gaban wannan dutse ƙarni bayan ƙarni sun ga azaba a fuskarsa, ba su jira tsoka ta yi daidai ba.

Baƙin Darwin

Littafin bai yi kasuwa ba a Faransa. Wanda ya fitar da shi duniya Charles Darwin ne, wanda tun haihuwar ɗansa na fari, William, a 1839 yake rubuta yadda jariri ke yamutsa fuska da lokacin da hawaye ke fara zuwa. Darwin bai yarda da Duchenne kan asalin abin ba. Shi a ganinsa waɗannan motsi gado ne daga kakanni na nesa, ragowar ayyukan da suka taɓa yin amfani, kamar yadda mai fushi ke bayyana haƙora. Amma kan cewa harshen fuska ɗaya ne a duk duniya, bakinsu ya zo ɗaya, mai cewa halitta da mai cewa gado.

Abin da ya sa nake girmama Darwin a wannan fage shi ne wani ɗan gwaji da ya yi a gidansa na Down a 1868. Ya zaɓi hotuna 11 daga na Duchenne, ya rufe bayanin da ke ƙarƙashinsu, ya riƙa nuna wa 'yan uwa da baƙin da suka zo cin abinci, mutum sama da 20, maza da mata, yana tambayar kowa abin da ya gani. Wasu hotunan kusan kowa ya gane su nan take. Murmushin gaske ba wanda ya ɓata a kansa, na lantarkin kuma yawancinsu sun ce akwai abin da bai yi daidai ba. Amma a kan wasu hotunan amsoshi suka watse, kowa da tasa. Darwin ya faɗi gaskiya a littafinsa: lokacin da ya fara duba hotunan yana karanta bayaninsu, gani ya yi kusan duk sun dace, kuma da ba a gaya masa ba, da shi ma ya rikice a kan wasunsu kamar baƙinsa. Ma'ana, rabin abin da ake karantawa a fuskar, a rubutun ƙasan hoton yake.

Bai tsaya a Ingila ba. A 1867 ya buga jerin tambayoyi ya aika wa 'yan mishan, ma'aikatan mulkin mallaka da matafiya a Ostireliya, Indiya, Malaya, Afirka da Amurka, ya samu amsa 36. Ɗaya daga ciki ta fito ne daga Christian Gaika, ɗan'uwan Sarki Sandile na Xhosa a kudancin Afirka, wanda ya rubuta da hannunsa game da mutanensa. Sauran kusan duk Turawa ne ke ba da labarin fuskokin wasu. Tambayoyin ma da amsarsu a ciki suke tafe, domin kowace takan siffanta yanayin ne sannan ta nemi a ce e ko a'a. Duk da wannan rauni, a san inda ya dosa. A zamanin da wasu masana Turai ke rubuta cewa baƙar fata da farar fata ba asalinsu ɗaya ba, Darwin, wanda ya tsani cinikin bayi, ya kafa hujja da kamannin dariya da kuka cewa 'yan Adam duka tsatso ɗaya ne.

Littafin, The Expression of the Emotions in Man and Animals, ya fito a Nuwamba 1872 daga kamfanin John Murray na Landan, aka sayi sama da kwafi 5,000 a ranar farko. An buga hotunansa a faranti bakwai da wata sabuwar hanya ta buga hoto da tawada, wadda ta hutar da manna kowanne da hannu, ko da yake kamfanin ya yi ta ƙorafin tsada. To amma me ke cikin hotunan? Duchenne ya ba da izini aka sa nasa. Biyu daga ciki, na tsananin firgita, an mai da su zanen da aka sassaƙa a katako, kuma Darwin ya umarci mai sassaƙar ya cire sandunan lantarki da hannuwan likita. Mai karatu sai ya ga tsoho a firgice, ba alamar abin da ya ja masa fuskar. Yawancin sauran hotunan aikin Oscar Rejlander ne, ɗan asalin Suwidin mazaunin Landan, wanda da ya rasa masu iya yin abin da ake so sai ya tsaya gaban kyamarar da kansa. Mutumin da ke ɗaga kafaɗa, da mai ƙyama, da mai harzuƙa, duk shi ne. Hoton da ya fi kowanne farin jini, na wani jariri mai tsala kuka, wanda aka yi ta sayar da kwafinsa a shagunan Ingila, ba hoto ba ne tsantsa. Na asalin ya fito ƙarami kuma dishi-dishi, sai Rejlander ya zana shi babba da hannu, ya ɗauki hoton zanen. Masanin tarihin hoto Phillip Prodger ne ya bi diddigin wannan a zamaninmu.

Ba na kiran wannan ha'inci. A 1872 ba a riga an kafa ƙa'idar abin da ya halatta a yi wa hoton kimiyya ba, kuma Darwin ya ambata cewa wasu hotunan kwaikwayo ne. Amma sakamakon a fili yake: siffofin da duniya ta karɓa a matsayin fuskar tsoro da fuskar ƙyama, shirya su aka yi.

Waɗanda ba su da bakin cewa a'a

Akwai wata hanyar da na ambata a baya, ta neman waɗanda ciwo ya kama. Hugh Welch Diamond, likitan ɓangaren mata a asibitin masu taɓin hankali na Surrey, ya yi ta ɗaukar majinyatansa a shekarun 1850, ya kuma gabatar wa ƙungiyar masana ta Royal Society takarda a 1856 yana cewa hoto na iya nuna nau'in ciwon hankali. James Crichton-Browne na asibitin West Riding ya aika wa Darwin hotunan nasa majinyatan da dama, ɗaya ya shiga littafin, na wata mata da gashinta ya miƙe. A asibitin Salpêtrière na Faris, inda dubban mata matalauta ke tsare, almajiran Charcot sun fara buga kundin hotuna a ƙarshen shekarun 1870. Wadda ta fi fitowa a ciki yarinya ce da ake kira Augustine, an kawo ta a 1875 tana da shekara 14 bayan ta sha cin zarafi. An ɗauke ta a kan gado cikin rigar barci, an sa wa kowane hoto suna: roƙo, barazana, shauƙi. Likitoci na son ciwon da ke zuwa daki-daki yadda kyamara za ta samu, kuma majinyaciyar da ta ba su haka ita ke samun kulawa. A 1880 ta sa kayan maza ta gudu daga asibitin.

Francis Galton, ɗan'uwan Darwin, ya bi ta wata hanyar a 1878. Ya ɗora hotunan fursunoni da yawa a faranti ɗaya don ya fitar da ainihin fuskar mai laifi. Abin da ya fito fuska ce ta kowa, har ta fi ta kowane ɗayansu kyan gani.

Daga Fore zuwa Himba

Maganar ta kwanta shekaru da dama, sai Paul Ekman da Wallace Friesen suka tashe ta. A ƙarshen shekarun 1960 suka je wurin al'ummar Fore a tsaunukan Papua New Guinea, mutanen da ba su saba da silima ko mujalla ba. Sukan ba da ɗan gajeren labari, misali mutumin da ɗansa ya rasu, su nuna hotuna uku a zaɓi wanda ya dace. Sakamakon da suka buga a 1971 ya nuna dacewa mai yawa, ban da tsoro da mamaki da aka riƙa gaurayawa. Daga nan aka samu jerin nan shida da ya shiga kowane littafin koyarwa: murna, baƙin ciki, fushi, tsoro, mamaki da ƙyama. A 1978 suka fitar da tsarin lissafa motsin fuska tsoka bayan tsoka, suka kuma ambaci Duchenne cikin waɗanda suka gada. Kyamara ta yi sauri a lokacin, amma yawancin hotunan gwajin har yanzu na waɗanda aka ce su yi fuskar kaza ne.

Masu sukar wannan hanya suka ce ba da zaɓi uku ma wani rubutu ne a ƙasan hoto. A 2014 Maria Gendron da Lisa Feldman Barrett da abokan aikinsu suka buga abin da suka samu wurin Himba, makiyayan arewacin Namibiya. Sun ba su hotuna suka ce su kasa su yadda suka ga dama. Masu murmushi sun taru wuri guda, masu zare ido ma haka, sauran kuwa suka cakuɗe, kuma mutanen sun fi faɗin abin da mai hoton ke yi, yana dariya, yana kallon wani abu, a kan abin da yake ji. A 2016 Carlos Crivelli ya nuna wa matasan tsibiran Trobriand fuskar nan mai zararrun idanu da buɗaɗɗen baki da Turawa ke kira tsoro. Su barazana suka gani, fuskar mai shirin kai hari.

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ba ya buƙatar a kai shi Namibiya kafin ya fahimci inda gizo ke saƙar. Uwa ta haifi ɗan fari, tana son sa kamar ranta, amma a gaban surukai ba za ta kira sunansa ba, ba za ta yi masa wasa ba, wani lokacin ma sai ta kau da kai. Amarya na kuka ranar da aka kai ta gidan wanda ta zaɓa da kanta. A filin sharo, saurayin Bafulatani na tsaye ana zuba masa bulala har fata ta fashe, fuskarsa ko gezau, wani ma da madubi a hannu yana duba kansa. Mai kawaici ana cusa masa magana yana murmushi. Ɗauki hoton kowane ɗayansu ka kai wa baƙin Darwin, za su ce uwar ba ta damu ba, amaryar an yi mata dole, saurayin ba ya jin komai. Mu da muka san wurin, da dangantakar, da wanda ke tsaye a gefe, mun san akasin haka ne. Ekman bai musanta irin wannan ba. Ya ce kowace al'umma na da ƙa'idojin abin da ake nunawa da wanda ake ɓoyewa, kuma a ƙarƙashinsu fuskar asali na nan. Tambayar da ta rage ita ce ko akwai wani lokaci a rayuwar mutum da fuskarsa ke magana ba da wani take yi ba.

A 2019 masana biyar ƙarƙashin jagorancin Barrett suka bi bincike sama da 1,000 a kan wannan batu. Suka kammala cewa akwai alaƙa tsakanin motsin fuska da abin da ke rai, amma ba ta da ƙarfin da za a dogara da ita a yanke wa mutum hukunci. Mai fushi kan murtuke fuska a ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na lokutan fushinsa, kuma mutum kan murtuke don yana tunani, ko rana ta dame shi, ko cikinsa na ciwo.

Wannan bita ta zo ne a daidai lokacin da kamfanoni ke sayar da manhajojin kwamfuta da aka ce suna karanta zuciya daga kyamara: su tace masu neman aiki, su auna hankalin ɗalibai a aji, su nuna wanda ake zargi a filin jirgi. Da yawansu an horar da su ne da tarin hotunan da aka yi wa laƙabi da jerin nan shida, wasu na 'yan kwaikwayo, wasu kuma an kwaso daga intanet an ba ma'aikata su rubuta sunan abin da suke gani. Kamfanin HireVue na Amurka, mai shirya ganawar ɗaukar aiki ta bidiyo, ya sanar a 2021 cewa ya daina auna fuskar masu nema. Microsoft ya janye irin wannan hidima a 2022, yana mai cewa masana ba su yi ittifaƙi a kan tushenta ba. Tarayyar Turai kuma, a dokarta ta 2024 kan ƙirƙirarriyar basira, ta haramta amfani da na'urar tantance motsin rai a wuraren aiki da makarantu, sai don lafiya ko kare haɗari, haramcin ya fara aiki a Fabrairun 2025. Dokar ta Turai ce. Mai neman aiki a Kano ko Maraɗi da ya zauna gaban kyamarar wani kamfani, ya sunkuyar da kai don ladabi kamar yadda aka tarbiyyantar da shi, ba ya cikin waɗanda ta kare.